Rabin Ƙwaya

"Talatin da huɗu," in ji Likita.

Ya ɗaga ɗan siririn bututun gilashin ya saita shi da hasken taga don in gani da idona. Ƙasansa ja wur, samansa ruwa garau. Jan nan jinin Duna ne, karen da marigayi Babanmu ya bari, kuma tsayinsa ake aunawa a kan wani ɗan kati mai layi-layi. Ranar da na fara kawo shi asibitin dabbobin nan, wata uku da suka wuce, sha shida aka samu. Na lafiyayyen kare kuwa daga talatin da bakwai yake farawa.

"Alhamdu lillahi," na ce.

Bakina ne kawai ya faɗa. Babu wanda ya kai ni sanin abin da talatin da huɗu ke nufi a gidanmu.

Ciwon Duna ba irin wanda ake gani a fata ba ne. Garkuwar jikinsa ce ta rikice ta koma farfasa jajayen ƙwayoyin jininsa, kamar mai gadin da ya juya yana dukan 'yan gida. Haka Likita ya yi mini bayani tun ranar farko, ni kuma ina ta gyaɗa kai, rabin hankalina a kan bayanin, rabi a kan hannunsa da ke sosa wa Duna bayan kunne. Maganin wata farar ƙwaya ce, firednisolon, mai danne garkuwar har ta dawo hayyacinta. Da huɗu muka fara a rana, aka koma uku, yanzu biyu: ɗaya da safe, ɗaya da yamma. Kowace Asabar in kawo shi a ɗebi jini, a juya a inji, a auna.

Asabar goma sha uku ke nan. A ta huɗu ya daina ce mini "mai kare" ya koma "Malama", da ya ji ina koyar da lissafi a firamare. A ta bakwai ya ce yana so ya zo ya gaida Umma. Ya zo kuwa. Umma ta amsa gaisuwarsa a daƙile, yana fita ta sa na wanke kofin da ya sha ruwa har sau bakwai.

"Kare a bayan gida daban," ta ce. "Mutumin da zai wuni da hannu a bakin karnuka ya dawo ya tsoma shi a kwanonki kuma daban. Ba don haka na haife ki ba, Auta."

Tun ranar ta so ta hana ni zuwa. Sai dai Duna ba ya yarda kowa ya riƙe shi a tsira masa allura in ba ni ko Yaya ba, Yaya kuma direban babbar mota ne, sai ƙarshen wata yake leƙo gida. Duk ƙyamar da Umma ke yi wa kare, ba za ta iya kallon abin da Baba ya bari ya mutu a wulaƙance ba. Sai ta gindaya mini sharaɗi, ta sa na amsa da bakina. Ranar da aka daina gwajin mako-mako aka koma na wata-wata, Yaya ne zai riƙa kai shi. Ni kuma in janye ƙafata daga asibitin nan, in ba Mai Kemis, abokin Yaya, amsar da ya shekara yana jira.

"Wannan karon mako biyu za mu ba shi," in ji Likita yana rubutu a katin Duna. "In ya riƙe, sai wata-wata."

"Saura zuwa ɗaya ke nan."

Alƙalamin ya tsaya, amma bai ɗago ba.

"Na sani, Malama."

"Ka sani, kuma kake murmushi?"

"To kuka zan yi? Karen da aka shigo mini da shi a kwance, yau ya kusa yage mini hannun riga. Ki bar ni in yi murnar wannan, ɗayar kuma in yi baƙin cikinta a gida."

Na sunkuyar da kai ina shafa wuyan Duna. Maganar da na kwana uku ina juyawa ta kuɓuce mini.

"Ka rubuta ashirin da takwas," na ce.

"Na'am?"

"Umma ba ta ganin bututu. Kati take gani. In ka rubuta ashirin da takwas, za a ci gaba da zuwa duk Asabar. Wa aka cuta?"

Ya ajiye alƙalamin, ya zagayo teburin, ya tsaya daga ɗaya gefen Duna. Kullum haka muke tsayawa, kare a tsakaninmu.

"Taɓa nan," ya ce, ya nuna mini cinyarsa. "Kin ji? Da nama ne, yanzu saura ƙashi da fata. Ga ciki ya kumbura, ga haki, ga shan ruwa kamar rijiya. Ba ciwon ba ne, maganin ne. Yana ceton ransa, yana kuma cin jikinsa. Duk wanda ya ɗauki katin nan bayana ya ga ashirin da takwas, ƙara masa ƙwaya zai yi. Shi aka cuta."

"Ni fa? Ni ba a cuce ni ba?"

Sai hawaye. Na so in riƙe su, suka fi ƙarfina.

"Kai kana da asibiti, kana da karnuka ɗari. Ni Asabar kaɗai nake da ita. Daga Lahadi nake fara ƙirgawa. Ina tsaye gaban allo ina koya wa yara rabawa, zuciyata tana nan ɗakin. Ka san da wane ido nake kallon Duna in na ga yana tsalle? Karen ubana ya warke, ni kuma ina jin haushi. Ka ga abin da na koma?"

"Malama..."

"Kar ka ce in yi haƙuri. Kowa haƙuri yake ba ni, har na rasa inda zan zuba shi."

Da ya buɗe baki, muryarsa ta dusashe.

"Ina son ki, kin sani, ba sai na rantse ba. Zan koma wajen Umma. In ta kore ni in sake komawa. Ta wanke kofi, ta wanke tabarma, in ta ga dama ta wanke ƙofar gidan. Ki ba ni lokaci kawai."

"Lokacin ne ba ni da shi."

"Amma ba zan samo miki shi daga jikin Duna ba." Ya miƙo mini katin. "Ɗaya da safe, ɗaya da yamma. Kar ki ƙara, kar ki rage, kar ki tsallake. Na sha gaya miki, wannan maganin ba a janye shi farat ɗaya."

Na karɓa. Talatin da huɗu ya rubuta, da manyan baƙi.

A gida na tarar da Mai Kemis a falo, ya ɗaura wa Umma abin awon jini a damtse yana matsawa. Hawan jinin Umma yana da wata ɗabi'a, ba ya tashi sai ranar Asabar, daidai lokacin da zan dawo.

"Sannu da zuwa, Malama. Ya mai jiki?" in ji Mai Kemis.

"Da sauƙi."

"Nawa aka samu?" in ji Umma.

Na faɗa. Fuskarta ta washe, ban taɓa ganin ta yi wa kare murna irin ta ranar ba.

"To madalla. Ashe an kusa sauke mana wannan kaya." Ta dubi Mai Kemis, ta dube ni. "Ga mutum hannunsa fes, wuni yake cikin farar riga yana ba mutane magani. Mutane fa, Auta."

"Umma, ki bar ta ta huta," ya ce yana naɗe abin awon. Ya miƙo mini leda. "Ga na Duna, na kwana goma. Sauran sai kaya sun iso, ki biyo ki karɓa."

Da mugu ne da na ji daɗi, da na samu abin tsana. Amma mutumin kirki ne, ba ya ɗaga murya, ba ya matsa mini, in na ɓata rai sai ya kawo zancen da zai sa in yi dariya ba da son raina ba. Laifinsa ɗaya ne a duniya, ba shi nake so ba.

Ranar Lahadi bayan la'asar na zauna gyaran littattafan yara, sai na tsinci kaina da katin Duna a gabana. Ni da lambobi ba ma haɗuwa mu rabu lafiya. Na jera su a bayan wata takarda, Asabar bayan Asabar. Sai na ga wani abu. Makon da aka rage ƙwaya daga huɗu zuwa uku, jinin ya sauka da biyu kafin ya ci gaba da hawa. Da aka koma biyu daga uku, ya sake sauka da biyu.

Ƙwaya ɗaya, maki biyu ke nan. In na cire ɗaya da rabi, uku a mako, shida a mako biyu. Talatin da huɗu a ɗebe shida, ashirin da takwas. A ashirin da takwas ɗin kuwa na gan shi da idona yana korar ƙadangaru a bayan gida, ba abin da ya dame shi. Likita zai auna ya ga gaskiya, ya rubuta gaskiya, ba wanda ya sa shi ƙarya. Ni kuma in mayar da maganin yadda yake, jini ya hau a hankali, mu samu wata biyu ko uku.

Na sake bin lissafin sau biyu, ya fita tsaf. Gargaɗinsa ya faɗo mini, sai na ce a raina ai ba janyewa zan yi ba, ragewa ce, shi ma ragewar yake yi. Har na ƙara wa kaina da cewa cinyoyin Duna za su huta. Masu magana sun ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne, ni kuwa da hannuna na ɗaura wa kaina shi ina jin na fi kowa wayo.

Washegari da safe na sa reza na raba ƙwayar biyu. Na tura rabin cikin ɗan yankan nama, na tsuguna. Duna ya taho yana kaɗa jela, ya karɓa a tafin hannuna kamar yadda ya saba, ya tsaya yana kallona ko akwai ƙari. Ɗaya rabin da ta yamma na jefa su a ambulan, na cusa a jakar makaranta.

Kwanakin farko har daɗi na ji. Ya rage haki, ya rage shan ruwa, ya daina tashina da kukan yunwa. Na ce ka gani, ashe ma alheri na yi masa.

Ni ce dai ban samu sauƙi ba. Asabar ta zo ba zuwa asibiti, na rasa inda zan sa kaina. Na wanke kayan da ba su yi datti ba, na share tsakar gida sau biyu. Likita ba ya kirana a waya, don ya ce ba zai bi ta bayan Umma ba, ni kuma a ranar na ji kamar in shaƙe shi da wannan mutuncin nasa. Ranar Litinin da aka tashi daga makaranta na sauka daga mota tun kafin unguwarmu, na bi ta layin asibitin da ƙafa. Na hango bayansa ta taga, ya sunkuya a kan wani kare, farar rigarsa ta ɗan yi masa yawa a kafaɗa. Ban tsaya ba. Na wuce, na je ƙarshen layi, na juyo na sake wucewa kamar wadda ta yar da wani abu.

Ranar Talata Duna ya bar rabin abincinsa. Na ce zafi ne. Ranar Laraba ya wuni a kwance ƙarƙashin tsohon bencin Baba. Na ce lissafi ne ya fara aiki, saura kwana uku in mayar masa da maganinsa.

Ranar Alhamis da safe na shirya zan tafi makaranta, na zagaya da ɗan namansa. Na kira shi, bai fito ba. Na sake kira. Jelarsa kaɗai ta motsa, sau ɗaya.

Na durƙusa na jawo shi. Numfashi yake yi sama-sama, ƙirjinsa na bugawa a tafin hannuna. Na ɗaga leɓensa yadda Likita ya koya mini. Dasashin da ya kamata in gani jaja-jaja ya koma fari kamar takarda, farin idonsa ya yi rawaya. Gefen bencin ga fitsarinsa, launin baƙin shayi.

Ban san na yi ihu ba sai da na ga Umma a kaina. Ita da ba ta taɓa matsowa kusa da shi ba, ta tsaya tana salati hannu a ƙirji. Ita ta kira Mai Kemis.

Yana isowa bai ɓata lokaci ba. Ya sunkuci Duna da farar rigarsa, ya kwantar da shi a kujerar bayan motarsa, na zauna na ɗora kansa a cinyata. Sai da danja ta tsayar da mu ya dube ni ta madubi.

"Malama, na kwana goma na ba ki. Yau sha biyu, ba ki zo karɓar sauran ba."

Na sunkuyar da kai kan Duna.

"Kaya sun iso tun Litinin," ya ce. "Na ajiye miki, ina ta zuba ido."

Ya mayar da idonsa kan titi.

"Ban faɗa wa kowa ba. Ba kuma zan faɗa ba."

Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Likita na ganinmu ya saki abin da ke hannunsa. Bai tambaye ni komai ba. Ya ɗaga leɓen Duna, ya duba ido, ya nemi jijiya da ƙyar. Injin ya yi ta juyawa, ni ina tsaye ina addu'ar da ban san ko ina da bakin yin ta ba. Ya zaro bututun ya ɗora a kan kati. Jan ɗan mitsitsi ne a ƙasa, ruwan saman ma ya rine.

"Sha uku," ya ce.

Ƙasa da ranar farko. Ni da na lissafa ashirin da takwas.

"Sai an ƙara masa jini yanzu-yanzu. Ki jira a waje."

Mai Kemis ya koma buɗe shagonsa, ya ce in kira shi in za mu tafi. Na zauna a bencin baranda. Na ga an wuce da wani ƙaton kare mai lafiya da za a ɗebi jininsa. Na ga wata dattijuwa mai tabarau, babbar likitar wurin, ta shiga ta fito ta sake shiga. Aka yi azahar, rana ta juya ta dawo kan ƙafafuna, ban matsa ba.

Wajen la'asar ya fito. Ya zauna a ɗaya ƙarshen bencin, ya dafe kai da hannu biyu. Yau babu kare a tsakaninmu.

"Jinin ya shiga, jikinsa bai ƙi ba. Ya ɗago kai ya sha ruwa. In ya wuce kwana biyun nan, ina sa rai."

"Alhamdu lillahi." Wannan karon har zuciyata.

"Ki yafe mini, Malama."

Na juyo na dube shi. Idanunsa sun kaɗa sun yi ja.

"Ni na jawo. Tun ɗazu nake bin katin. Na yi gaggawar mayar da shi ƙwaya biyu. Kamata ya yi in ƙara masa mako uku a kan ƙwaya ukun, kuma bai kamata in bar shi mako biyu ba gwaji ba. Kin san me ya sa na yi? Tsoro. Ina tsoron kar a ce ina jan ciwon ne don in riƙa ganinki. Garin in wanke kaina a idon Umma na kusa kashe miki shi."

"Likita, ba haka..."

"Haka ne. Shekara takwas ina aikin nan, ban taɓa barin zuciyata ta rubuta mini magani ba sai a kansa. Kin ba ni amanar abin da Babanku ya bari, ga abin da na yi da ita."

Jakar makaranta tana kan cinyata. Ina jin ambulan ɗin a ciki kamar garwashi.

Wallahi na yi tunanin yin shiru. Mai Kemis ba zai faɗa ba. Duna ba shi da baki. In na ce "na yafe", shi ke nan, zai ƙara sona ma, ga Asabar sun dawo mini. Abin da zai biya kawai shi ne ya rayu yana zargin hannunsa. Na kalli hannun a kan gwiwarsa, hannun da na fara so tun kafin in san mai shi.

Na zuge jakar. Na zazzage ambulan ɗin a kan bencin, tsakanina da shi. Fararen ƙwayoyi suka watse, cikakku da rabi-rabi.

Ya daɗe yana kallonsu. Ya ɗauki rabi guda ya juya ta, ya ga shatin reza.

"Tun yaushe?"

"Tun waccan Litinin."

"Nawa kike ba shi?"

"Rabi. Da safe."

"Rabi," ya maimaita a hankali.

Sai kuka ya ƙwace mini. Na faɗa masa komai, da takardar, da maki biyu a kan kowace ƙwaya, da ashirin da takwas.

"Ban yi don in cutar da shi ba, Allah ne shaidata. Kaɗan na so ya sauka. Ka ƙi rubuta mini ƙarya, na ce to bari in kawo maka gaskiyar da za ka rubuta. Wata biyu kawai na nema, ko Umma za ta sauko. Na kasa, Likita. Na kasa tunanin Asabar za ta zo ta wuce ban ji ka ce 'Malama' ba. Ka zage ni, ka kore ni, amma kar ka ce kai ne. Ba kai ba ne."

Bai zage ni ba. Ya tattara ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya ya mayar a ambulan.

"Jini ba allo ba ne," ya ce. "In garkuwar ta farka, ba ta tsayawa inda kika ja mata layi. Kuma dawowar ta fi zuwan farko wuyar kwantarwa. Yanzu sai mu koma ƙwaya huɗu, mu haɗa da wani maganin. Duk naman da ya fara mayarwa zai sake zubewa."

"Na sani. Na sani."

"Gwaji duk bayan kwana uku, daga baya duk mako. Wata shida, in an yi sa'a."

Ya miƙe. Na ɗago ina kallonsa, ban san me nake jira ba.

"Babbar likita za ta karɓi katinsa daga gobe. Ta fi ni sanin ciwon. An daɗe ana neman wanda zai riƙa fita ƙauyuka rigakafin shanu ranakun Asabar, zan ce ni zan je."

Na ji kamar an zare bencin daga ƙarƙashina.

"Ka daina sona ke nan."

"Da na daina, da abin ya zo mini da sauƙi." Muryarsa ta karye, ya tsaya ya gyara ta. "Saboda ni aka raba ƙwayar nan, Malama. Muddin katin nan yana hannuna, warkewarsa ita ce rabuwarmu, kuma kin ga inda hakan ya kai mu, ni da ke duka. Na gaya miki ba zan samo lokaci daga jikinsa ba. Wanda aka samo ɗin ma ba zan taɓa shi ba."

"To Umma fa? Ka ce za ka koma."

Ya dubi ambulan ɗin da ke hannunsa.

"Ban sani ba. Yau dai ban sani ba. Ki shiga ki gan shi kafin ki tafi, yana ta kallon ƙofa."

Na shiga. Duna na kwance, an aske masa hannu an manna allura. Yana ganina ya buga jela a kan tebur, sau biyu, da ɗan ƙarfin da aka ara masa. Na kifa fuskata a wuyansa na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar Baba.

Ban kira Mai Kemis ba, da ƙafa na koma. Na tarar da Umma a bakin ƙofa da carbi a hannu, da alama tun safe take zarya. Na ce ya farfaɗo, sun riƙe shi kwana biyu. Na faɗa mata kwana uku-uku, da mako-mako, da wata shida.

Ta yi ajiyar zuciya. Ta daɗe tana kallon kumburarrun idanuna, ta ɗauka duk na kare ne.

"Allah ya ba shi lafiya. Ni dai magana ɗaya nake yi, ba na canzawa. Na ce sai an koma wata-wata, to ba a koma ba. Ki ci gaba da kai shi, ba wanda zai ce miki don me." Ta taɓe baki, ta matsa ta ba ni hanya. "Wata shida cur. Kin dai samu abin da kike so, Auta."

"Na samu, Umma," na ce.